Neman Makwancin Jan Baki

Tun da Sanusin nan naku ya miƙo mani wayarshi nake kallon hoton nan ina murmushi. Madubin hangen nesa ne baƙi wuluk, an rubuta a gefe wai yana jawo abu ninki ɗari. Kun ce ƙungiyarku ta matasan manoma za ta sayo shi, ku hau soro ku gano inda jan baki, tsuntsun nan mai cinye hatsi, ke kwana, a kira masu feshi, magana ta ƙare. To, ku gyara zama. Ni Nomau da wanga aiki na yi aure, da shi na aurar da ɗiya, kuma ban taɓa gano makwancin tsuntsu daga kan soro ba.

Kun san jan baki, amma ba irin sanin da mai nemanshi ke yi mashi ba. Da rana ba ya kamuwa. A watse yake, nan gungu can gungu, ka kore shi daga gero ya faɗa shinkafa. Sai rana ta yi ja yake haɗuwa, ya sha ruwa, ya miƙe kamar hayaƙi zuwa wuri ɗaya inda duk zai kwana. Wurin nan shi ne makwanci. Can kaɗai jirgin feshi ko masu raga ke iya yi mashi illa. Aikinmu shi ne mu gano wurin, mu tabbatar, mu kai labari kafin hatsi ya ƙare.

A hannun Malam Labbo na koya. Tsohon maharbi ne, gajere, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ofishin gona na nan Isa ya ɗauke shi leƙen tsuntsu saboda babu fadamar da bai sani ba daga Bafarawa har bakin iyaka. Ni an haɗa ni da shi ne don ɗaukar kaya. Kayan ba su da yawa. Akwai babban madubin, mai ido ɗaya, tsawonshi bai wuce kamu guda ba, cikin kube na fata da wani baduku ya ɗinka mashi. Akwai ƙafa uku ta katako mai bakin ƙarfe wadda ake ɗora shi a kai. Akwai ƙaramin madubi mai ido biyu da ba ya barin wuyan Malam. Sai tsumma mai laushi cikin gwangwanin madara, da gashin zabo guda, da wata tsohuwar jaka wadda ban gane amfaninta ba sai daga baya.

Damina guda cur ina saɓe da ƙafa uku ban sa ido ga madubin ba. Ran nan na gaji na ce, "Malam, ni yaushe za ni duba?"

Ya ce, "Mi kaka son gani?"

Na ce, "Tsuntsu."

Ya nuna sama da haɓa. "Ga tsuntsu nan bisa kanka. Daga ina sunka fito, ina sunka nufa?"

Na ɗaga kai ina ta bin su da kallo. Ya tofar da tukar goro ya ce, "Idon da Allah ya ba ka bai fara aiki ba, kana neman na saye."

Daga nan ya shiga nuna mani abin da ke ƙasa. Farin kashin tsuntsu ƙarƙashin ƙaya, ko sabo ne ko na bara. Kan reshe da ya karye don nauyi. Gashi da ƙananan sawu a bakin ruwa. Ya koya mani tambayar mata masu ɗiban ruwa da makiyaya, don su ke waje lokacin da tsuntsu ke wucewa. Sai an tara wannan duka sannan a ɗauki mai ido biyu a share sararin da shi, don shi yana da faɗin gani. Babban kuwa ba ya nemo abu, tabbatarwa yake yi. In ka sa ido gare shi kana neman tsuntsun da ba ka san inda yake ba, kamar mai neman akuya ne ta cikin kafar allura. Saboda haka in abin hannunku bai kai ku sayi biyun ba, ku fara da ƙaramin.

Ranar da na fara dubawa, bisa wani tudu muke kusa da Tozai. Na manna ido, ban ga komai ba sai duhu. Malam ya ce in janye kaɗan, in murza zoben a hankali. Sai ga wani gida can ƙetaren gulbi ya taso ya tsaya gabana. Wata mata tana daka, taɓarya na sauka, babu ƙara ko kaɗan. Na fashe da dariya. Malam ya sa tafin hannu ya rufe bakin madubin.

Ya ce, "Ka yi sallama?"

Na ce, "Malam, ai nesa suke."

Ya ce, "Su ke nesa, kai kana cikin gidansu. Madubi ba ya sallama. In ka bari ya shiga gidan mutane, babu ƙauyen da za shi sake ba ka ruwa."

Shi ya sa duk ƙauyen da munka sauka, kafin mu fara aiki sai mu kafa ƙafa uku a fili, mu kira dattawa su duba da kansu, su san iyakar abin da yake gani da inda za mu juya shi. Akwai wani tsoho da ya hango jakinshi a can bakin gona, ya miƙa hannu zai kama igiya. Har ya koma ga Allah, in munka haɗu a kasuwa sai ya ce in ba shi jakinshi.

Wata ranar kasuwar Bafarawa wani ɗan tireda ya zo da madubi irin wanga na cikin wayarku, ya ce Malam ya gwada. Da azahar ne. Malam ya ce ya bari sai rana ta sauka. Da almuru ta kawo jiki munka kafa su biyu, nashi da namu, munka nufi wata giginya. A namu ana ƙirga ganye. A nashi kamar ka leƙa rijiya. Bakinshi ƙarami ne, ba ya tara haske, kuma duk yadda ka ƙara mashi jawowa, duhu yake ƙarawa. To mu aikinmu na almuru ne da asuba. Ku nemi mai faɗin baki, wanda gilashin gabanshi ya kusa cika tafin hannu. Jawowa kuwa, ninki ashirin zuwa arba'in ya ishe ku. Abin da ya wuce haka a ƙasarmu wahala ce, don da rana ta ɗaga ƙasa ke fara huci, kawalwalniya ta tashi, madubin ya jawo maku ita tare da abin da kuke kallo, ku ga itace na rawa kamar a cikin ruwa.

In kun je Sakkwato, kada mai shago ya sa ku gwada shi cikin shago. Ku fita da shi, ku nufi bakin ganye inda ya haɗu da sararin sama. In kun ga wani launi ja-ja ko shuɗi-shuɗi ya zagaye ganyen, ku ajiye. Ku juya shi ku leƙa ta baki wajen haske, ko akwai fumfuna ko hazo a ciki. Ku tambaya ko ruwa na shiga, don cikin damina za ku yi yawo da shi, kuma raɓa in ta shiga ba ta fita. Akwai mai miƙaƙƙen ido, akwai wanda idonshi ya tanƙwaro sama. Miƙaƙƙen ya fi saurin kama tsuntsu yana tafiya. Tanƙwararren ya fi sauƙi ga wuya, kuma dogo da gajere na iya karɓa-karɓa ba tare da an taɓa ƙafar ba. Tunda ku da yawa ne, shi ya fi dacewa da ku.

Kada kuma ku ƙarar da ƙarfinku ga madubi ku sayo mashi ƙafa ta banza. Madubi mai kyau bisa ƙafa mai rawa, makaho ne. Jakar nan da na ce ban gane amfaninta ba, na gane shi ranar da hadari ya taso muna tsakiyar aiki, iska na kaɗa komai. Malam ya cika ta da rairayi ya rataya ta tsakanin ƙafafun uku, madubin ya tsaya cik. Gashin zabo kuwa na kaɗe rairayi ne daga gilashi kafin tsumma ya taɓa shi. Wanda ya goge gilashi da bakin riga, ƙwayar rairayi guda za ta ja mashi zanen da ba ya gogewa. Sai hular baki, wadda ke tare rana. Ku tabbata an haɗo maku da ita, kuma ku riƙa sa rana a bayanku.

Bayan rasuwar Malam Labbo, Allah ya ji ƙanshi, ofis ya bar kayan a hannuna. Manoma ne masu kira na farko, amma ba su kaɗai ba. Masu raga na bina, don in na gano ƙaramin makwanci su suke kwashewa su kai wa mata masu suya. Masunta kan tambaye ni ko jirginsu da ruwa ya ja ya maƙale wani wuri. Ta haka na haɗu da Manu.

Shekarar da gulbi ya yi ambaliya, ina bisa tudu da hantsi, sai ga wani Bafulatani dogo, da malfa da sanda, ya yi sallama ya tsuguna nesa kaɗan. Sai da na gama abin da nake yi sannan ya ce karsanarshi ta ɓace tun shekaranjiya, fara ce mai baƙin kunne. Ya ji an ce akwai wani Kaɗo, wato Bahaushe a bakinsu, mai ido uku. Na bi tsibiran da ruwa ya yanke ɗaya bayan ɗaya. Can cikin ciyawar burugu na ga wani abu fari ya motsa, ya ɗaga kai, kunne baƙi. Na ce ya zo ya duba. Ya duba, ya daɗe bai ɗaga ba, yana kiranta da Fillanci a hankali kamar za ta ji. Da yamma shi da wani masunci sunka fito da ita. Shi ne Manu.

Tun daga ranar ban sake rasa labarin tsuntsu ba. Manu a daji yake kwana, ya san inda jan baki ya yi sheƙa tun kafin 'ya'yan su yi fiffike. Zai zo kasuwa ya tsaya bayana ya ce, "Kaɗo, baƙinka sun sauka ga ƙayar gumbin gabas, ka je ka gaishe su." Ni kuma in na hango inda ciyawa ta yi kyau ko inda tafki ya riƙe ruwa, sai in gaya mashi. Shekaru masu yawa munka yi haka. Babu fadamar da ba mu taka tare ba, shi gaba da sanda, ni baya da kaya. Lokacin nan in dare ya riske ka a ruga sai a ba ka nono da shimfiɗa, in a ƙauye ne a ba ka tuwo, ba wanda zai tambaye ka abin da ke cikin kube sai don sha'awa.

Mugunyar shekara ta zo bayan 'yan bindiga sun cika daji. Hanyoyi sunka mutu. Mutane na noma da ido ɗaya ga gona, ɗaya ga hanya. A hakan Allah ya ba da damina, shinkafa ta yi kyau a wata fadama can ciki, wadda ba za ni faɗi sunanta ba. Tana fara nono, tun ƙwaya ba ta yi tauri ba, tsuntsu ya sauka. Sarkin noman wani ƙauye ya zo har gida ya ce, "Nomau, mun sha wuya kafin mu ga wagga shinkafa. In ta tahi, ba mu da abin ci." Ofis ya ce za a iya neman jirgi, amma sai an san wurin daidai.

Na aika wa Manu. Ya zo ya dubi kayan ya ce a bar ƙafa uku a gida, don daga nesa ta yi kama da abin ɗora bindiga. Na naɗe madubin cikin buzun salla. Babur ya kai mu ƙauye na ƙarshe, daga nan munka bi burtali da ƙafa. Tudu ɗaya ne ke kallon fadamar, kuma yana gabas da ita, wato dole mu fuskanci rana. Babu yadda za mu yi.

Bayan la'asar tsuntsu ya fara zuwa. Manu ya kafa sandarshi ya durƙusa ya dafa ta, na ɗora madubin bisa kafaɗarshi, na ce ya riƙe numfashi. Ban taɓa ganin makwanci irin wannan ba. Gumbi da bagaruwa duk sun yi baƙi, rassa sun sunkuya, wasu na ta zubowa kamar ana juye buhu. Na karkata kaɗan zuwa hagu ina neman alamar da za a ba mai jirgi, na sami wata kuka babba. Ƙarƙashinta babura ne jere, da hayaƙin girki, da mutane masu bindigogi. Gefe guda wasu na zaune a ƙasa. Cikinsu akwai wani dattijo, an ɗaure mashi ƙafafu, yana buga tafin hannu ga ƙasa yana taimama. Madubin ya kawo mani shi kusa har ina ganin furfurar gemunshi.

Manu ya ce a hankali, "Mi kag gani?"

Na ce, "Tsuntsu."

"Kafaɗata ta ji ka karkata hagu ka tsaya. Tsuntsu kaɗai?"

Kafin in amsa, ɗaya daga cikin masu bindigar ya miƙe, ya kare ido da hannu, ya kafe tudunmu da kallo. Rana ta yi ƙasa sosai, ta shigo tsaye cikin bakin madubin, hula ba ta tare ta ba. Na ce, "Gilashi ya haska." Manu ya cire malfarshi ya kifa wa bakin madubin, ya ja ni ƙasa. Da rarrafe munka sauka bayan tudun, munka faɗa cikin dawa. Ba mu tsaya ba sai da munka ji kiran sallar magariba na ƙauyen da munka bar babur.

Na kai labari biyun ga waɗanda ya kamata. Jirgin feshi ƙasa-ƙasa yake bi, dab da kan itace, ba wanda zai tura mai tuƙi bisa bakin bindiga, kuma ban ga laifin kowa ba. Tsuntsu ya cinye shinkafar. Mutane sunka yanke kara sunka ba dabbobi. Da rani ƙauyen sarkin noman nan ya watse, wasu na nan Isa cikin 'yan gudun hijira, kun san su. Dattijon nan kuwa ban san sunanshi ba, ban san ɗan wane gari ne ba, ban kuma ji yadda ya ƙare ba.

Abin ya faɗo kan Manu ta fuska biyu. A gari anka fara cewa yaya anka yi Bafulatani ya ratsa dajin nan ya fito lafiya in ba da saninsu ba. Na yi magana a masallaci, na yi a kasuwa, wasu sunka ji, wasu ba su ji ba. A daji kuma anka shiga tambayar wanda ya kawo mai gilashi. Ran nan da hantsi ya same ni a ƙofar gida, bai ko zauna ba.

Ya ce, "Kaɗo, za ni haye iyaka da 'yan shanun da sunka rage."

Na ce, "Ni na jawo maka."

Ya ce, "Kai ka kira, ni na amsa. Da hatsin nan ya tsira, da 'ya'yana ma sun ci."

"Sai yaushe?"

"Sai ƙasa ta yi sanyi."

Na raka shi har bakin tasha. Tun daga ranar ban sake wuce gonakin bayan gari ba. Madubin yana nan, fumfuna ta fara cin gefen gilashin, tsakiyar ce kawai ke gani. Ban ba ku shi ba don ba zai yi maku aikin almuru ba. Ku sayi sabo yadda na faɗa maku. Ku fara da fadamun kusa, inda ake iya zuwa a komo. Kada ku fita da shi ba tare da mai gari ya sani ba, kuma duk inda zuciyarku ba ta kwanta ba, ku bar shi cikin kube. Shinkafa ana sake shuka ta.

Kun kuwa zo a kan gaɓa. Makon jiya wani mai fataucin shanu daga Sabon Birni ya neme ni, ya ce ya haɗu da Manu a wata kasuwa can cikin Nijar. Ya tsufa, amma yana lafiya. Ya ce a gaya wa Nomau tsuntsu ya ƙyanƙyashe da yawa wajensu bana, mu shirya. Sannan mutumin ya ce, "Akwai tambaya guda da ya ce kada in manta. Wai tsamiyar mashaya tana nan?"

Wata tsamiya ce a bakin gulbi inda yake shayar da shanunshi, a gindinta anka haifi ɗanshi na fari wata kaka da sunka yi zango. Rabona da wurin tun kafin ya tashi. Na ce wa bafataken ya kwana, za ni ba shi amsa da safe.

Da asuba, kafin ƙasa ta fara huci, na saɓi kayan na hau tudun bayan gari. Na kafa ƙafa uku, na cika jaka da rairayi, na kaɗe gilashi. Na daɗe ina murza zoben kafin ta fito, can ƙarshen gani, kanta kawai, sama da sauran itatuwa.

Na komo na sami mutumin yana ɗaure kaya. Na ce, "Ka gaya mashi tana nan, ta yi sabon ganye."

Ya ce, "In ya tambayi mashayar fa, ko ana zuwa?"

Na ce, "Ka ce mashi daga inda nake tsayawa ba a ganin gindinta."